Sankarar Bakin Mahaifa: Sanadinta, Awonta da Hukunce-hukuncen da Suka Shafe Ta



Sankarar bakin mahaifa, wadda wasu ke ce wa kansar bakin mahaifa ko dajin mahaifa, ciwo ne da ke tsirowa a ƙasan mahaifa, daidai ƙofar nan da ke buɗewa idan haihuwa ta zo. Ita ce ta huɗu wajen yawa a cikin sankarorin da ke kama mata a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da ita, ta yi ajalin kusan 350,000, kuma kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka rasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. Afirka ta kudu da Sahara tana cikin yankunan da abin ya fi tsanani. A nan Nijar, bayan sankarar nono, tana cikin na gaba-gaba a tsakanin mata.

Tana da wata siffa da yawancin sankarori ba su da ita. Kafin ta zama sankara takan ɗauki shekaru tana matsayin ɗan tabo a bakin mahaifa, wanda ungozoma mai horo za ta iya gani, a kuma kawar da shi cikin mintoci kaɗan. Matsalar ita ce wannan tabon ba ya ciwo, ba ya jini, ba ya wari. Mace ba ta da hanyar sanin tana da shi sai an duba ta.

Sanadinta

A kusan dukkan matan da ciwon ya kama, sanadin wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira HPV. Wani masani Bajamushe mai suna Harald zur Hausen ne ya tabbatar da alaƙarta da wannan sankara a farkon shekarun 1980, aka ba shi kyautar Nobel a kan haka a 2008. Ƙwayar tana da iri fiye da 200. Mafi yawansu ba su da wani haɗari, amma akwai goma sha wani abu da ke iya kaiwa ga sankara, kuma biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na ciwon.

Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa da haɗuwar fata da fata a wurin al'aura. Yaɗuwarta ta kai ga cewa mafi yawan mutane, maza da mata, sukan gamu da ita wani lokaci a rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Cikin rahamar Allah, garkuwar jiki takan kawar da ita cikin shekara ɗaya zuwa biyu a wajen kusan tara cikin goma. Wadda ta maƙale ta ƙi fita ita ce ke canza halittar fatar bakin mahaifa sannu a hankali, kuma daga nan zuwa sankara akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga wadda garkuwar jikinta ta yi rauni tafiyar ta fi sauri, shekara 5 zuwa 10. Mace mai ɗauke da ƙwayar sida ta ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin kamuwa.

Daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin akwai shan taba, da ɗaukar cikin fari da ƙananan shekaru, da yawan haihuwa. Biyun ƙarshe siffar mafi yawan iyayenmu da matanmu ce, domin ƙididdigar lafiya ta 2012 ta nuna matsakaicin haihuwar mace a Nijar ya haura bakwai. Ba muhawarar aure ko haihuwa muka kawo a nan ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne matanmu sun fi matan wasu ƙasashe buƙatar awon. Akwai kuma masu cewa kaciya ta tsare Musulmi daga wannan ciwo. Gaskiya ne bincike ya nuna kaciya tana rage yaɗuwar ƙwayar, amma ragewa ce kawai, ga ɗakunan kwanciyar mata nan a asibitocin ƙasashen Musulmi suna shaida.

Jinin da ake kawo wa malamai

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar ɗalibai da limamai da malamai mata na makarantun Islamiyya. Idan mace ta ga jinin da bai saba zuwa mata ba, da wuya likita ya zama farkon wanda zai ji. Abin da ke fara damunta shi ne salla da azumi, sai ta aiko mijinta ko ƴarta wurin malam, ko ta rubuto a takarda a wurin karatu.

Amsar fikihu a kan wannan a fili take. A mazhabar Malikiyya mafi tsawon haila kwana 15 ne. Mai al'ada takan ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta matuƙar ba ta wuce 15 ba, shi ne ake kira istizhari. Jinin biƙi iyakarsa kwana 60. Abin da ya wuce haka istihala ne, wato jinin ciwo, mai shi za ta yi wanka ta yi salla ta yi azumi, kuma an so ta sabunta alwala a kowace salla. Wadda ta kai shekara 70 jininta ba haila ba ne, tsakanin 50 da 70 kuwa malamai suka ce a koma ga mata masana a tambaye su.

Malamin da ya ba da wannan amsa ya yi daidai, sai dai ya amsa rabin mas'alar ne. Sunan da fikihu ya ba jinin ma ya isa ishara, tunda cewa aka yi jinin ciwo. Lokacin da Fatima ƴar Abu Hubaish, Allah ya yarda da ita, ta kai kukan jininta da ba ya yankewa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya danganta shi ga wata jijiya, ya raba shi da haila. Ke nan yana da sanadi a jiki. Ruwayar da ta danganta istihala ga Shaiɗan, wadda wasu ke kafa hujja da ita su tsaya ga ruƙiyya kaɗai, malamai irin su Khaɗɗabi sun fassara ta da cewa Shaiɗan yana samun ƙofa ne ta nan ya rikita wa mace lissafin tsarkinta da ibadarta. Ba ta kore sanadin jiki ba, ba ta kuma hana neman magani ba. A yi addu'a, a kuma je asibiti.

Alamomin da likitoci ke tsoro a wannan babi su ne jini bayan saduwa, jini tsakanin haila da haila, jini bayan mace ta riga ta daina haila, da ruwa mai wari ko mai gauraye da jini da ya ƙi jin magani. Idan ciwon ya yi nisa sai a ga ciwon mara da na baya da ba ya sauka, kumburin ƙafa, rama, wani lokaci har ya huda mafitsara fitsari ya riƙa zuba, a ɗauka yoyon fitsari ne irin na haihuwa. Ba duk mai irin wannan jini ce ke da sankara ba. Ƙari a mahaifa yana sa shi, allurar tazarar haihuwa tana sa shi, ƙwayoyin cuta na yau da kullum ma suna sa shi. Rarrabewar aikin mai dubawa ne, ba aikin malam ba ne, ba kuma aikin mai tallan magani a tire ba ne. Mata da yawa sun ɓata shekara guda suna shan maganin sanyi da cushe-cushen ganyayyaki a kan ruwan da asalinsa sankara ce.

Saboda haka abin da nake ganin ya dace ga duk wanda aka yi wa tambayar istihala shi ne, bayan ya faɗi hukuncin salla, ya ƙara da cewa ta je a duba ta cikin kwanakin nan, musamman idan ta haura shekara 30, ko jinin bayan saduwa yake zuwa, ko ta riga ta daina haila. Idan miji ne ya kawo tambayar, to an ma samu wanda nauyin kai ta ke kansa.

Awo kafin alama ta bayyana

Duk abin da ya gabata magana ce ta wadda ta riga ta ga wani abu. Awon da ake kira gare shi kuwa na mai lafiya ne, wadda ba ta jin komai. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ita ce a fara daga shekara 30, a fi ba da ƙarfi ga ƴan 30 zuwa 49. Mai ɗauke da ƙwayar sida daga shekara 25 za ta fara, kuma nata ya fi kusa-kusa. Budurwar da ba ta taɓa aure ba ba ta cikin wannan awo.

Hanyar da ta fi samuwa a ƙasashenmu ita ce ta ruwan khal. Ungozoma za ta sa wani ɗan ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa don ta ga bakin mahaifa, ta shafa ruwan khal mai sauƙi da auduga, ta jira minti ɗaya. Inda fatar ta fara canzawa sai ya yi fari. Babu yanka, babu allura, kuma a nan take ake sanin sakamako. Idan ba a ga komai ba sai a dawo bayan shekara uku. Akwai tsohuwar hanya ta shafo ƙwayoyin fatar wurin a duba a madubin likita, wadda Papanikolau, likita ɗan Girka mazaunin Amurka, ya fito da ita, ta yaɗu daga shekarun 1940, kuma da ita ƙasashen Turai suka karya lagon wannan ciwo. Sai dai tana buƙatar ɗakin gwaji da ƙwararru, abin da ya yi ƙaranci a karkara. Ta uku, wadda ita Hukumar ta fifita, gwajin neman ƙwayar HPV ɗin kanta ne. Ta fi sauran kamawa, kuma wadda ba a samu ƙwayar a jikinta ba za ta iya hutawa shekara 5 zuwa 10. A wannan gwaji mace za ta iya ɗaukar samfurin da kanta da ɗan tsinken auduga, a keɓe, ta miƙa wa ma'aikaciya. Inda ake da shi, mas'alar buɗe al'aura ma ba ta taso ba sai ga wadda aka samu ƙwayar a jikinta.

Idan an ga tabo, yawanci ana ƙona shi da wata ƴar na'ura mai zafin digiri 100 na ƙasa da minti ɗaya, ko a daskarar da shi da iska mai sanyi. Babba kuma a yanke shi da wata ƴar waya mai lantarki. Mahaifa tana nan daram, haila tana nan, haihuwa tana nan. Bayan haka ruwa zai riƙa zubo mata na ƴan makonni. Wannan ruwan ba haila ba ne, za ta tsaftace wurin ta yi sallarta. Ana kuma umartarta da ta nisanci saduwa kusan wata guda har wurin ya warke, ta dawo a sake dubawa bayan shekara. Wannan wata gudan shi ya sa ya kamata maigida ya san abin da ake ciki tun farko, domin an sha samun wadda ta ƙi yarda a ƙona mata tabo don ba ta san yadda za ta faɗa a gida ba.

Al'aura, azumi da iznin miji

Asali shi ne suturta al'aura wajibi ne, har tsakanin mace da mace. Amma malamai sun haɗu a kan halaccin buɗe ta don magani gwargwadon buƙata. Majalisar Fikihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a Burunai a 1993, ta jera abin kamar haka: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace amintacciya wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji Musulmi, sannan wanda ba Musulmi ba, kada a buɗe fiye da wurin da ake buƙata, kuma a samu miji ko muharrami ko wata amintacciyar mace a wurin idan namiji ne zai duba. A wannan awo abin ya zo da sauƙi, domin ungozomomi mata ne ke yin mafi yawansa.

Wani zai ce wannan rangwame na maras lafiya ne, ita kuwa wannan lafiyarta ƙalau. Amsa ita ce, ciwon da ba ya nuna kansa sai ya fi ƙarfin magani, ba a jiran alamarsa. Tsare rai yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a, kuma tunkuɗe cuta kafin ta sauka ya fi sauƙi a kan ɗauke ta bayan ta sauka. Buɗewar mintoci biyar sau ɗaya a shekara uku a gaban ungozoma, da buɗewar watanni a gaban duk ma'aikacin da ke aiki a ranar bayan ciwo ya ci jiki, mai kishin suturar iyalinsa ya san wadda zai zaɓa.

Game da azumi, majalisar da muka ambata ta yanke a Jidda a 1997 cewa shigar da na'urar dubawa ko yatsan likita a gaban mace ba ya karya azumi. Wasu malamanmu na mazhaba sun tsananta a kan ruwan da aka shigar ta nan. Tunda awon mai lafiya ba na gaggawa ba ne, fita daga saɓani shi ne a yi shi a wajen Ramadan. Wadda take zubar da jini kuwa kada ta jira salla ta wuce. Awon ba ya wajabta wanka. Kuma an fi so a je bayan haila ta ɗauke, don a ga wurin sosai.

Shi kuma maigida, haƙƙin da yake da shi na a nemi izninsa kafin a fita amana ce aka ba shi don maslahar gidan. Wanda ya hana matarsa zuwa a duba ta alhali tana zubar da jini, ya cutar da ita, kuma cutarwa haramun ce. Mai mata fiye da ɗaya ya kai su duka, kowace da ta kai shekarun, kada ya manta da mahaifiyarsa da ƴan uwansa mata zawarawa, waɗanda galibi babu mai tuna su.

Zargi

Tunda aka ce ƙwayar ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, dole a yi magana a kan wannan a fili, domin tsoron zargi yana hana mata zuwa awo, yana kuma kashe aure. Samun ƙwayar ko ciwon a jikin mace ba hujja ba ne a kan ta aikata alfasha. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka daga gare shi, shi kuma yana iya ɗaukowa daga auren da ya yi a baya na halal, tunda namiji yawanci ba ya ganin wata alama. Mu al'umma ce da ake aure a rabu a sake aure, ake kuma zama da kishiyoyi. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru masu yawa, babu gwajin da zai faɗi ranar da ta shiga ko daga wa ta fito. Shari'a ta gindaya shaidu huɗu ko iƙirari kafin a tabbatar da zina, ta kuma sa bulala 80 a kan mai ƙazafi. Takardar asibiti ba ta cikin shaidun nan. Ma'aikatan lafiya su ma su ji tsoron Allah a kan sirrin da aka ba su, musamman a ƙananan garuruwa inda kowa ya san kowa.

Allurar riga-kafi

Tun 2006 ake da allurar da ke hana kamuwa da nau'o'in ƙwayar mafi haɗari. Ana yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14, domin tana aiki ne kafin a gamu da ƙwayar, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. A ƙarshen 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ma tana iya wadatarwa a wannan shekaru. Ruwanda ce ta fara a Afirka a 2011, Senegal ta bi a 2018, Kamaru a 2020, Burkina Faso a 2022, Najeriya a watan Oktoba na 2023. A Ingila, binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna ciwon ya ragu da kashi 87 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka ba allurar suna da shekara 12 zuwa 13. Jita-jitar cewa tana hana haihuwa ta bi ta kusan duk ƙasar da ta shiga, alhali waɗanda aka fara yi wa a Ostireliya a 2007 yanzu iyaye ne. Wadda aka yi wa allurar ma za ta yi awo idan ta kai shekarun, domin ba dukkan nau'o'in take rufewa ba.

A ranar 17 ga Nuwamba 2020 ƙasashen duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da wannan ciwo, da burin kafin 2030 a yi wa kashi 90 na ƴan mata allura kafin su kai 15, a auna kashi 70 na mata a shekara 35 a sake a 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. Abin lura a nan shi ne ko sau biyu kawai mace ta samu awo mai kyau a rayuwarta, an rage haɗarin ƙwarai.

Idan ta riga ta zama sankara

Tabbatarwa sai an ɗebi ɗan naman wurin an gwada. Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu. A matakin farko, yana nan a bakin mahaifa bai fita ba, tiyata takan warkar da mafi yawan mata. Idan ya fara bazuwa sai a haɗa gashi da na'ura da magungunan da ake sawa ta jijiya. A mataki na huɗu galibi abin da ya rage shi ne rage raɗaɗi da kula da maras lafiya, wanda shi ma haƙƙinta ne, kada a mayar da ita gida a bar ta da azaba da wari a ɗaki ita kaɗai.

A Nijar, Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai ta fara gashi a 2021 da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan sai an fita waje. Asibitin haihuwa na Issaka Gazobi shi ne babban wurin da ake tura cututtukan mata, kuma tun 2007 gwamnati ta sanya sankarorin mata cikin ayyukan da ta ayyana kyauta. Sai dai kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya suna kan iyali, ga shi daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Diffa fiye da 1,300, gashin kuma makonni yake ɗauka. Irin wannan maras lafiya, idan matalauciya ce, tana cikin masu haƙƙin zakka, kuma kwamitin masallaci zai iya ɗaukar nauyin tafiyarta.

Wadda take son awo ta fara da tambayar ungozoma a likitar da take zuwa awon ciki ko riga-kafin yara. In ba a yi a nan, za a tura ta asibitin gunduma ko cibiyar uwa da yaro ta jiha. Ta riƙe katin da aka rubuta mata sakamako da ranar dawowa, ta ajiye shi tare da katin allurar yaranta.